Kora, Danƙo ko Tarko: Me Ya Dace da Masu Kirdadon Kalmar Sirri a Uwar Garke?

Duk wanda ya taɓa kunna sabuwar uwar garke (server) mai adireshin da ake gani a intanet, ya bar ƙofa mai lamba 22 a buɗe domin shiga ta SSH, wato hanyar sarrafa na'ura daga nesa, ya san abin da zai tarar idan ya leƙa kundin shige da fice bayan ƴan sa'o'i. Jimla ɗaya ce take ta maimaita kanta, `Failed password for root`, wato an kasa shiga asusun `root` mai cikakken iko, sai adireshin da aka fito, a tsakani kuma ga `Invalid user admin`, ga `oracle`, ga `pi`, ga `test`, sunayen da babu ko ɗaya daga cikinsu a na'urar. Ba wani ne ya zauna yana bugawa da hannu ba, kuma ba a san mai uwar garken ba balle a ƙullace shi. Manhajoji ne suke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa kowace ƙofa. Tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna, da manhajarsu mai suna ZMap, cewa kwamfuta guda mai layin intanet mai ƙarfi tana iya zagaye dukkan adireshin IPv4 cikin ƙasa da minti 45, don haka babu na'urar da ƙanƙantarta za ta ɓoye ta.

Harin kirdado hari ne maras dabara, amma bai mutu ba saboda yana ci. Muguwar manhajar Mirai, wadda a ranar 21 ga Oktoba 2016 aka yi amfani da ita wajen durƙusar da kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, har manyan shafuka suka ɓace wa jama'a a Amurka da Turai, ta tara rundunarta ne da jerin sunaye da kalmomin sirri da suka ɗan haura 60 kacal, tana gwada su a ƙofar Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, ta kyamarori da na'urorin rarraba intanet da masu su ba su taɓa sauya kalmar da kamfani ya sa ba.

Kayan aikin da ake tunkarar wannan matsala da su sun kasu gida uku, kuma yawancin ruɗanin da ake samu wajen zaɓi ya samo asali ne daga ɗaukarsu tamkar aiki ɗaya suke yi. Akwai masu kora, waɗanda suke ƙidaya kuskure su toshe adireshi, irin su Fail2ban da SSHGuard da CrowdSec. Akwai danƙo, wanda yake riƙe maharin ya ɓata masa lokaci, wato Endlessh. Sannan akwai tarko na sosai, uwar garken bogi da take barin ɓarawo ya shiga domin a ga abin da ya zo yi, kuma Cowrie ce ta fi shahara a nan. Ra'ayina shi ne babu ko ɗaya a cikinsu da yake matsayin kwaɗon ƙofa. Kwaɗon yana cikin fayil ɗin `sshd_config`, inda ake rubuta `PasswordAuthentication no` da `KbdInteractiveAuthentication no`, a koma shiga da mabuɗi, wato fayil na sirri da mai shiga yake ajiyewa a kwamfutarsa, irin Ed25519, wanda OpenSSH, manhajar da take gudanar da SSH, ta karɓa tun siga ta 6.5 a 2014. Da zarar an yi haka, kirdadon kalmar sirri ya zama bugun bango, ko sau miliyan nawa aka gwada. Abin da ya rage a auna shi ne wane kaya zai rage hayaniya, wane ne zai ba da labari, kuma nawa kowanne zai ci na lokacin mai kula da na'ura.

Fail2ban ce ta fi yaɗuwa, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Cyril Jaquier ne ya fara ta a 2004 da harshen Python, aikinta kuma shi ne karanta kundin shige da fice, ta zaƙulo layukan da suka dace da siffar da aka koya mata, ta ƙidaya, sannan ta umarci katangar tsaro, iptables ko nftables ko firewalld, da ta rufe wa adireshin hanya. A saitinta na asali, kuskure 5 cikin minti 10 yana jawo korar minti 10. Ƙarfinta shi ne ba ta tsaya ga SSH ba: duk manhajar da take rubuta kuskuren shiga a kundi, ta wasiƙun imel ce kamar Postfix da Dovecot, ko ta shafin intanet kamar Nginx da Apache, ana iya ɗora mata mai gadi. Wannan muhimmi ne, domin akwatin imel da shafin shiga na ma'aikata ba su da gatan da SSH yake da shi na yin watsi da kalmar sirri gaba ɗaya. Daga siga ta 0.11 kuma an ƙara `bantime.increment`, mai tsawaita kora ga duk adireshin da ya sake dawowa, ga kuma sashen `recidive` mai bibiyar kundin Fail2ban ɗin kanta domin kama masu taurin kai.

Rauninta yana nan inda ƙarfinta yake, wato dogaro da rubutun kundi. Idan kundin ya sauya wuri ko salon rubutunsa ya sauya, sai ta makance, kuma ba lallai ne ta yi kuka ba. A Debian 12, alal misali, ba a girka rsyslog, manhajar da take rubuta kundi a fayil, tun farko, saboda haka fayil ɗin `/var/log/auth.log` da ta saba karantawa babu shi, sai an gaya mata `backend = systemd` kafin ta kama aiki. Haka kuma da OpenSSH 9.8 ta raba aikinta, ta fito da wani ɓangare mai suna `sshd-session`, sunan da ke jikin layukan kundi ya sauya, tsofaffin matatun Fail2ban suka daina gane su har sai da aka yi gyara. Na taɓa cin wannan tuwon a jikina ta wata fuskar: bayan sabunta wata na'ura na ɗauki makonni ina jin daɗin shirun da ta yi, sai ranar da na buga `fail2ban-client status sshd` na ga sifiri a gaban adadin kurakuran da ta gani, alhali kundin systemd cike yake maƙil da masu ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gadin yana tsaye a bakin aiki, amma wata ƙofar yake kallo. Tun daga ranar, duk lokacin da na sabunta na'ura sai na yi kuskuren shiga da gangan daga wani layi dabam, in ga ko an ƙidaya ni.

Akwai kuma haɗarin da kowane mai kora yake da shi, na korar mai gida. Wanda bai sa adireshinsa a `ignoreip` ba, kuma ba shi da wata hanyar shiga ta allon gaggawa na kamfanin da ya ba shi hayar na'ura, wata rana zai tsaya a waje yana jiran minti 10 su cika, ko fiye idan ya tsananta saiti. Mafi muni shi ne inda kamfanonin sadarwa suke cusa dubban masu waya a bayan adireshin IPv4 guda. Korar mutum ɗaya a nan tana iya zama korar jama'ar da ba su ji ba ba su gani ba, abin da ya fi yin illa a shafin intanet da akwatin imel fiye da SSH.

SSHGuard ƙanwa ce mai sauƙin nauyi. Da harshen C aka rubuta ta, ba ta buƙatar Python, kuma maimakon ƙidayar kuskure maki take bayarwa: yawancin hare-hare maki 10 ne, idan adireshi ya kai 30 sai a toshe shi na daƙiƙa 120, lokacin kuma yana ƙaruwa duk sa'ad da ya maimaita. Ta dace da ƙaramar na'ura ko tsarin BSD mai katangar pf, sai dai ƙara mata sabuwar siffar hari ba shi da sauƙi kamar a Fail2ban. Ita kuwa DenyHosts, wadda tsofaffin littattafan koyarwa suke yawan ambata, zamaninta ya wuce, domin asalin aikinta ya dogara ne da fayil ɗin `hosts.deny`, OpenSSH kuwa ta cire goyon bayan wannan tsari tun siga ta 6.7 a 2014, ko da yake wasu rassan Linux sun ci gaba da liƙa shi da kansu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne OpenSSH ta fara yin wannan aiki da kanta. Siga ta 9.8 da ta fito ranar 1 ga Yuli 2024 ta zo da `PerSourcePenalties` a kunne, inda kowane kuskuren shiga yake jawo wa adireshi horon daƙiƙa 5, horon yana taruwa, ya fara aiki idan ya kai daƙiƙa 15, iyakarsa kuma minti 10. Fifikon wannan hanya shi ne babu mai fassara a tsakani. Wanda ya ga laifin shi ne yake yin hukunci, don haka sauyin salon kundi ba ya makantar da shi. Ga wanda SSH kaɗai ya buɗe, kuma yake kan tsari mai sabuwar siga kamar Debian 13, dalilin girka wata manhajar kora ya ragu ƙwarai. Amma Ubuntu 24.04 da 9.6 ta zo, Debian 12 kuma da 9.2, saboda haka sai an duba da `ssh -V` kafin a saki jiki.

Duk waɗannan suna da makanta iri ɗaya, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna ta. Adireshin da yake gwada kalma 4 kacal a kowane minti 10 ba zai taɓa cika sharaɗin Fail2ban na asali ba, amma a yini guda ya gwada 576. Idan maharin yana da na'urori 1,000 da ya kame a ƙasashe dabam-dabam, ya sami gwaji 576,000 a rana ba tare da an kori ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan ba hasashe ba ne. Peter Hansteen, ɗan ƙasar Norway da ya shahara a harkar OpenBSD, ya bi diddigin irin wannan hari mai tafiyar hawainiya tun daga ƙarshen 2008, inda na'urori masu yawa suke karɓa-karɓa, kowace ta gwada kaɗan ta ja da baya. Mai gadin da yake kallon ƙofarsa kaɗai ba zai gane cewa baƙin nan duka tafiyarsu ɗaya ba.

Nan ne CrowdSec ta sami gurbinta. Wani kamfanin Faransa ne ya fito da ita a 2020, an rubuta ta da harshen Go, kuma a gida aikinta ya yi kama da na Fail2ban: tana karanta kundi, ta gwada da siffofin hari, ciki har da wadda aka tanada musamman domin kirdado mai jan ƙafa, korarta ta asali kuma sa'a 4 ce. Bambancin shi ne tana aika adireshin maharin da lokaci da irin harin zuwa cibiyar kamfanin, a tace su tare da rahotannin sauran masu amfani, a dawo wa kowa da jerin adireshin da suka yi ƙaurin suna. Ta haka ana iya toshe adireshi tun bai taɓa ƙofarka ba. Haka nan idan na'urorinka suna da yawa, za su iya haɗa kai a ƙarƙashin cibiya guda ta cikin gida, wanda ya yi laifi a ɗaya a kore shi daga duka, abin da Fail2ban ba ta yi sai da ƙarin wahala.

Farashin wannan ba na kuɗi ba ne kawai, ko da yake akwai ƙarin jerin adireshi da hidimomi na biya. Bayani yana fita daga na'urarka zuwa wani kamfani, kuma a wasu ƙasashe, musamman na Tarayyar Turai, doka tana iya ɗaukar adireshin IP a matsayin bayanin mutum, don haka ma'aikatar da take da tsauraran ƙa'idoji sai ta tambayi masana dokarta. Sannan ka amince wa hukuncin da ba kai ka yanke ba. Akwai kuma kuskuren da sababbi suke yawan yi: ainihin manhajar ganowa kawai take yi, ba ta toshewa, sai an girka wani ɓangare na dabam mai aiwatar da hukunci a katangar tsaro. Mutum zai buga `cscli decisions list` ya ga jerin waɗanda aka yanke wa kora, ya kwanta da murna, alhali dukkansu suna nan suna ci gaba da ƙwanƙwasawa.

Danƙo labarinsa gajere ne, duk da cewa dabararsa tana burge ni. Ƙa'idar SSH, kamar yadda take a takardar RFC 4253, ta yarda uwar garke ta aika wasu layukan rubutu kafin ta gabatar da kanta, muddin ba su fara da `SSH-` ba, kuma ba ta sa iyaka ga yawansu ba. Chris Wellons ya kama wannan kafa a 2019 ya rubuta Endlessh, wadda take aika layin shirme ɗaya a kowace daƙiƙa 10, har abada, tana iya riƙe mahara 4,096 a lokaci guda ba tare da na'ura ta ji nauyi ba. Sai a ɗora ta a ƙofa ta 22, a mayar da SSH na gaskiya wata ƙofar. Amma a faɗi gaskiya, abin da take karewa kaɗan ne. Manhajar harin da aka rubuta da hankali tana da wa'adin jira, tana cika shi ta tsinke ta wuce, wadda kuma ta maƙale zare ɗaya ne cikin ɗaruruwan da take saƙawa a lokaci guda. Tun da ba a kai ga musayar mabuɗai ba, ba za ka ga sunan da aka so gwadawa ko kalmar sirri ba, adireshi da tsawon zama kawai za ka samu. Mafi yawan shirun da ake yaba mata ma sauya ƙofar ne ya kawo shi, ba ita ba. Amfani ɗaya da nake ganin ya taka kara ya karya shi ne wannan: babu mai gaskiyar da yake da dalilin taɓa ƙofar, saboda haka duk adireshin da ya bayyana a kundinta ana iya miƙa shi ga mai kora ba tare da dogon bincike ba.

Tarko na sosai wata duniya ce. Cowrie, wadda Michel Oosterhof yake jagoranta, ta tsiro ne daga Kippo ta Upi Tamminen, kuma tana kwaikwayon SSH da Telnet duka, a ƙofofi 2222 da 2223 idan ba a sauya ba, sai a karkato mata zirga-zirgar ƙofa ta 22 ta katangar tsaro. Tana rubuta kowane suna da kowace kalmar sirri da aka gwada, alhali SSH na gaskiya ba ya rubuta kalmar sirri, kuma daidai ne da ba ya yi. A saitinta na asali tana ƙin `root` mai kalmar `root` ko `123456`, domin kada abin ya yi arha har a yi zargi, amma ta karɓi kusan duk wata kalma. Wanda ya shiga zai tarar da abin da ya yi kama da Linux, da manyan fayiloli da umarnoni, alhali duk zane ne.

Kallon zaman da ta naɗa, wanda ake sake kunnawa da `playlog`, yana koyar da abin da shekara guda ta karanta layukan kuskure ba za ta koyar ba. Baƙon yakan fara da `uname -a` domin sanin irin na'urar, ya leƙa `/proc/cpuinfo` ya ƙidaya ƙarfinta, alamar mai neman wurin haƙar kuɗin kirifto ke nan, sannan ya jawo wani fayil da `wget` ko `curl`, ko ya cusa nasa mabuɗin cikin `authorized_keys` domin ya dawo ko an sauya kalmar sirri. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan, babu kuskuren bugu ko ɗaya, shaidar cewa ba ɗan'adam ba ne. Wasu ko umarni ba sa bugawa, so suke kawai su mayar da na'urar gadar da za su bi su kai hari wani wuri. Cowrie tana ajiye fayilolin da aka jawo, tana kuma rubuta komai a tsarin JSON mai sauƙin tacewa.

Sai dai tarko ba ya kare uwar garken da kake aiki da ita ko da ƙwayar zarra, kuma kuskure ne babba a ɗora shi a kanta. Manhaja ce da aka buɗe wa maƙiya da gangan, don haka wurinta na'ura ce ta dabam, a keɓe, ba da ikon `root` ba, tare da taƙaita abin da zai iya fita daga cikinta. Tana kuma buƙatar kwalliya, domin wanda ya bar sunan na'ura na asali, `svr04`, ya rataya wa tarkonsa allo ne. Wanda yake son abin a dunƙule yana iya duba T-Pot na kamfanin Deutsche Telekom, mai haɗa Cowrie da wasu tarkuna masu yawa da allunan zane na Kibana, amma yana cin aƙalla gigabait 8 na ma'adanar aiki da faifai mai gigabait 128, wato ya fi ƙarfin ƴar ƙaramar na'urar haya. Tambayar da nake yi wa duk mai sha'awar tarko ita ce wa zai karanta abin da ya kama. Idan babu amsa, taswirar duniya mai walƙiya kawai za a samu. Akwai dai wuri ɗaya da tarko yake da daraja ko ba a zauna karatunsa ba, wato cikin gida, a bayan katanga, inda babu hayaniyar intanet. A can taɓawa ɗaya tak tana nufin wani ya riga ya shigo yana lalube.

Idan aka zo zaɓi, mai na'ura ɗaya ko biyu da SSH kaɗai ya buɗe, mabuɗi da hana kalmar sirri sun ɗauke masa mafi yawan nauyi, horon da ke cikin sabuwar OpenSSH ko SSHGuard ya ishe shi rage hayaniya. Wanda yake da imel ko shafin da jama'a suke shiga da kalmar sirri, Fail2ban ce ta fi yi masa hidima, da sharaɗin zai riƙa gwada ta. Mai na'urori da yawa da bai damu da musayar bayani ba, CrowdSec ta fi dacewa da shi. Wanda kuwa zai iya ɓoye SSH gaba ɗaya a bayan WireGuard, manhajar VPN mai haɗa na'urori ta ɓoyayyar hanya, wadda ta shiga cikin zuciyar Linux a siga ta 5.6 a 2020 kuma ba ta amsa wa duk wanda bai zo da mabuɗi ba, zai ga kundinsa ya yi tsit, shiru na gaskiya a wannan karon. Abin da ban ba da shawara ba shi ne kulle asusu bayan ƴan kurakurai, kamar yadda `pam_faillock` yake yi, a ƙofar da take fuskantar intanet, domin hakan ya ba kowane baƙo ikon kulle mai gida a waje da kuskure uku.

Saura sa ido, inda nake ganin an fi karkatar da hankali wurin da bai kamata ba. Ana kafa saƙon gargaɗi ga kowace kora, akwatin imel ya cika, cikin mako guda a daina buɗewa. Layukan kuskure dubu ba su kai layi ɗaya mai farawa da `Accepted`, wato an yi nasarar shiga, muhimmanci ba, ko a Windows lamba 4624 ta nasarar shiga da ta biyo bayan jerin 4625 na kuskure a ƙofar shiga daga nesa ta RDP mai lamba 3389. Gargaɗin da ya cancanci tayar da mutum daga barci shi ne shiga da ta yi nasara daga adireshin da ba a saba gani ba, ko a lokacin da ba a saba ba, ko sauyi a fayil ɗin `authorized_keys`. Manhaja irin Wazuh, wadda ta tsiro daga OSSEC a 2015, tana da ƙa'idar da take kama nasarar da ta biyo bayan kurakurai masu yawa, ƙaramin rubutu da aka rataya a `pam_exec` ma yana iya aika saƙo duk sa'ad da aka buɗe zama. Kundin kansa kuma a riƙa tura kwafinsa nan take zuwa wata na'ura dabam wadda mabuɗan ta farkon ba sa buɗe ta, domin wanda ya sami ikon `root` yakan share kundayen shiga irin `auth.log` da `wtmp` tun kafin ya fara abin da ya kawo shi.